Waken Kalaba da ciwon sauƙar ido

A unguwarmu a Maraɗi akwai wata baba mai ƙosai. Da safe idonta garau, amma kafin magariba fatar idon ta sauko, sai ta ɗaga ta da yatsa kafin ta ƙirga canji. Kowa ya ce sammu ne. Sai da na zo karatu Yamai na ji sunan ciwon da ke yin haka: miyasteniya. Saƙon jijiya ne ba ya isa ga tsoka sosai, shi ya sa ƙarfi ke ƙarewa da aiki, ya dawo da hutu. Gani na rabuwa biyu, tauna na gagara, in ya kai ga numfashi kuwa sai asibiti da gaggawa.

Tun 1672 likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana ciwon, amma aka yi fiye da shekara 250 babu maganin kirki.

To, ƴan uwa, maganin daga kudu da mu ya fito. A Kalaba, cikin Najeriyar yau, Efik na da wani wake mai guba, esere, da suke ba wanda aka zarga da maita. In ya yi amai ya kuɓuta, in ya mutu an ce laifinsa ya tabbata. Turawa suka kai waken ƙasarsu, a 1864 aka tace sinadarinsa, fisostigmin.

A 1934 wata likita ƴar Sikotland, Mary Walker, tana aiki a asibitin St Alfege a Landan, ba farfesa ba ce, ba kowa ba. Ta lura cewa mai wannan ciwo kamar wanda dafin kibiyar kurare ya kama yake, kuma an san fisostigmin ne makarin kurare. Ta yi wa wata majinyaciya allurarsa. Fatar ido ta ɗagu, haɗiya ta dawo. Bayan ƴan awoyi abin ya koma, amma an ga hanya: maganin na hana a rushe asetilkolin, ɗan aiken da ke tsakanin jijiya da tsoka. Ƙwayar firidostigmin da ake ba majinyata yau haka take aiki.

Abin da ke ci mani rai shi ne, waken shari'ar mayu ne ya nuna ciwon na jiki ne, mu kuwa muna nan muna cewa sammu. Baba mai ƙosai ta koma ƙauye tun kafin in san wannan duka, ban sake ganinta ba.