CNOSSOS-EU: Yadda Tarayyar Turai ta haɗa kan hanyoyin zana taswirar ƙarar motoci, jirage da masana'antu

Tun daga 31 ga Disamba, 2018, ya zama wajibi ga ƙasashen Tarayyar Turai su yi amfani da hanyar lissafi guda wajen tantance yawan ƙarar da ke damun jama'a daga motoci, jiragen ƙasa, jiragen sama da masana'antu. Ana kiran wannan hanya CNOSSOS-EU. Ga bayani kan asalinta, yadda take aiki, da abin da har yanzu ya rage.

Mece ce taswirar ƙara?

Taswira ce ta gari ko ta hanya da aka shafa wa launuka, kowane launi na nuna matsakaicin ƙarfin ƙarar da ke isa wurin a tsawon shekara, a ma'aunin desibel. Galibi ba da na'urar awo ake zana ta ba, domin ba zai yiwu a kafa na'ura a jikin kowane gida na tsawon watanni goma sha biyu ba. Kwamfuta ce ke lissafa ta: a ba ta yawan motoci da gudunsu, irin kwaltar da aka shimfiɗa, tsayin gine-gine da yanayin ƙasa, ita kuma ta fitar da ƙarar da za a ji a tsayin mita 4 daga ƙasa. Saboda haka sakamakon ya dogara kacokan a kan dabarar lissafin da aka zaɓa.

Dokar 2002

Tushen aikin shi ne dokar Tarayyar mai lamba 2002/49/EC ta watan Yunin 2002. Dokar ta wajabta zana taswira duk bayan shekara biyar ga biranen da mazaunansu suka haura 100,000, da titunan da fiye da motoci miliyan 3 ke bi a shekara, da layin dogon da jirage sama da 30,000 ke ratsawa, da filayen jiragen sama masu tashi da sauka fiye da 50,000 a shekara. An yi zagayen farko a 2007 da manyan birane da hanyoyi kaɗai, sannan aka yi na 2012, 2017 da 2022.

Dokar ta tsayar da ma'auni biyu. Lden yana haɗa yini, maraice da dare, amma ana ɗora desibel 5 a kan ƙarar maraice da desibel 10 a kan ta dare, domin a lokutan ne ƙara ta fi cutarwa. Lnight kuwa na dare ne zalla, wato sa'o'i takwas da aka saba ƙidayawa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe. Dokar ba ta shafi hayaniyar maƙwabta ba, ko ta cikin gida, ko ta wurin aiki, ko ta ayyukan soja a yankunansu. Ba ta kuma ƙayyade iyakar da ba za a wuce ba. Ta bar wa kowace ƙasa wannan, tare da wajabta mata tsara shirin rage ƙara bayan jin ra'ayin jama'a.

Inda matsala ta taso

Ma'aunin ɗaya ne, amma hanyar kaiwa gare shi ta bambanta. Dokar ta yarda kowace ƙasa ta ci gaba da tata dabarar, wadda ba ta da ita kuma ta ari na wucin gadi: ta Faransa don tituna, ta Holand don layin dogo, ƙa'idar ISO 9613-2 don masana'antu, da kundin ECAC mai lamba 29 don jiragen sama. Birtaniya, wadda a lokacin tana cikin Tarayyar, ta riƙe tata ta lissafin ƙarar titi, Jamus ma haka.

Titi guda mai yawan motoci iri ɗaya yana iya ba da sakamako biyu idan aka lissafa shi da dabaru biyu. Bambancin 'yan desibel ba ƙaramin abu ba ne, tunda ninka yawan motocin titi sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kuma tun da ana ƙidaya mutane ne rukuni-rukuni, daga desibel 55 na Lden da 50 na Lnight zuwa sama, ƙaramin saɓani na iya shigar da dukan unguwa cikin lissafin waɗanda ƙara ta shafa ko ya fitar da ita. Ta haka kwatanta ƙasa da ƙasa ya zama abu mai wuya.

Yadda sabuwar hanyar take aiki

Cibiyar binciken haɗin gwiwa ta Hukumar Tarayyar Turai, JRC, ita ta jagoranci masana daga ƙasashen Tarayyar tsakanin 2009 da 2012, inda ta wallafa rahoton hanyar a 2012. An mayar da ita doka a watan Mayun 2015 da lamba 2015/996, aka kuma yi mata gyare-gyare da doka mai lamba 2021/1226.

Lissafin mataki biyu ne: ƙarar da tushe ke fitarwa, da yadda take raguwa kafin ta isa kunne. A ɓangaren titi, an kasa ababen hawa zuwa ƙananan motoci, matsakaita, manya da babura, aka bar rukuni na biyar a buɗe don sababbin nau'o'i. Ana raba ƙarar inji da ta gogayyar taya da kwalta, sannan a yi gyara bisa gudu, hawa ko gangara, zafin iska, mahaɗar hanyoyi da tayoyi masu ƙusoshi da ake sakawa a ƙasashen ƙanƙara. A layin dogo, kaushin ƙafar jirgi da na ƙarfen dogo ne babban abin lura. A masana'antu kuwa, ana ɗaukar kowace na'ura ko fili a matsayin tushen ƙara, tare da sa'o'in da take aiki.

A mataki na biyu ana lissafa nisa, abin da iska ke shanyewa, katangu da gine-ginen da ke tare sauti ko mayar da shi, da taurin ƙasa: siminti da ruwa na mayar da sauti, ciyawa na shanye shi. Ana kuma la'akari da lokutan da iska ko sanyin dare ke lanƙwaso sauti ƙasa har ya yi nisa. Jiragen sama na da nasu tsarin, wanda aka gina a kan kundin ECAC.

Dalilin ɗaukar wannan wahala

Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Turai na 2020 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 113 na fama da ƙarar titi da ta kai desibel 55 ko fiye, miliyan 22 ta jiragen ƙasa, miliyan 4 ta jiragen sama, ƙasa da miliyan ɗaya kuma ta masana'antu. Ya danganta ƙara da mutuwar mutum 12,000 kafin lokacinsu da sababbin masu ciwon zuciya 48,000 a kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018, ta nemi ƙarar titi ta tsaya ƙasa da desibel 53, ta dare kuma ƙasa da 45, wato ƙasa da inda dokar Tarayyar ke fara ƙidaya. Tarayyar ta kuma ɗaura aniyar rage yawan waɗanda ƙarar sufuri ke addaba da kashi 30 cikin ɗari nan da 2030, bisa alkaluman 2017.

Abin da ya rage

Zagayen 2022 shi ne na farko da dukan ƙasashen suka yi ƙarƙashin wajibcin sabuwar hanyar. Wannan ya sauƙaƙa kwatanta ƙasashe, amma ya wahalar da kwatanta 2022 da 2017, domin sauyin alkaluma na iya fitowa daga sauyin dabara ko da titin bai canza ba. Sannan dabara ɗaya ba ta nufin bayanai iri ɗaya: wani birni na da ƙidayar motocin kowane titi, wani kuwa ƙiyasi yake yi, wani na lissafa har ƙananan layuka, wani manyan tituna kaɗai. Daidaita ingancin waɗannan bayanai na hannun kowace ƙasa da hukumomin biranenta, kuma zagaye na gaba na taswirorin zai zo ne a 2027.