Daga Zangon Malam zuwa Nima: Yadda Hausawa suka kafu a Akara

Shekara ashirin rabona da wani abokina, tun muna gaban malami ɗaya a Kano. Da na sauka a Akara, babban birnin Ghana, ban gama shan ruwan baƙunta ba ya ce, "Malam, taso mu taka. Garin nan ba a saninsa daga cikin mota."

Bakin teku muka fara zuwa, unguwar Jamestown, inda masunta 'yan ƙabilar Ga ke jan kwale-kwale a gindin ganuwar da Ingilishi suka gina a 1673. 'Yan Ga su ne masu ƙasa. Bahaushe daga baya ya zo, goro da bindiga ne kuma suka kawo shi.

Fataken da suke tafiya Gwanja ba su cika wuce Salaga ba, domin can ne ake haɗuwa da goron Asante. Yaƙin da Ingilishi suka yi da Asante a 1874 ya rikita wannan hanya, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya ƙarasa watsa kasuwar. Fatake suka gangaro kudu, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas. A wancan yaƙi na 1874 ne Kyaftin John Glover ya zo da dakarunsa daga Legas, waɗanda ake kira Hausawa ko da ba duka ne Hausawa ba, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu. Wasu ba su koma ba. Da Turawa suka ɗauke hedkwatarsu daga Cape Coast zuwa Akara a 1877, sai garin ya zama wurin neman abinci.

Zango a asali masaukin ayari ne: a sauke kaya, a kwana, a wuce. A nan kuwa aka sauke ba a sake ɗauka ba. Malam Naino, Bakatsine, shi ya sami fili daga sarakunan Ga a tsakiyar gari, aka riƙa kiran wurin Zangon Malam. Da wuri ya cika, ga kuma jayayya tsakanin Hausawa da Yarabawa da sauran Musulmi kan limanci da shugabanci, sai ɗansa Malam Baƙo ya kwashi jama'arsa a farkon shekarun 1910 ya koma yamma da gari, ya kafa Sabon Zango. Daji ne a lokacin. Yanzu lungunansa da ƙyar mutum biyu ke giftawa.

Nima ta zo a baya, a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami wurin kiwo daga wani gidan Ga na Osu. Can muka fi daɗewa. Wata dattijuwa tana zuba waakye a ganye, wato shinkafa da wake ne aka dafa da karan dafi har suka yi ja, sunan ma daga "wake" ya fito. Ta ce da abokina, "Alhaji, baƙonka daga Najeriya yake, ko? Hausarsa ta yi nauyi." Dariya ta kama ni, don a kunnena tata ce baƙuwa: a Gananci, wato Hausar Ghana, ba ruwansu da bambanta mace da namiji, kowa "ya zo" ne. A layin nan akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli, kuma da wannan Hausar suke ciniki da faɗa da sulhu.

Zaman bai tafi sumul ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, aka kwashi mutane har da waɗanda a Ghana aka yanke musu cibi. Abokina ya nuna min wani gida da ya ce masu shi sun tafi a shekarar, ba su dawo ba.

La'asar ta riske mu a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Tsofaffin Hausawa dai Ankara suke ce wa Akara tun kafin su san akwai wata a Turkiyya. Muna fitowa ya tsayar da trotro, wato motar haya, ya ce saura Fadama, unguwar babban limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, amma sai gobe.