2.3 Wakilci a Cinikin Gyaɗa a Ƙasar Gwarzo da Kabo

A wannan sashe za a duba lokacin da cinikin da wakili ya ƙulla yake hawa kan ubangidansa, ta yin la'akari da cinikin gyaɗa a yammacin Kano.

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912. Kamfanonin Turawa irin su Kamfanin Neja da John Holt ba su san ƙauyuka ba, don haka suka dogara ga manyan fatake. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne ya fi shahara a cikinsu. Kamfani yakan ba attajiri jari, shi kuma ya raba wa yaransa, su tafi kasuwanni irin su Gwarzo da Getso da Garo da kaka, su kafa sikeli.

A nan ne matsala takan taso. Idan yaro ya karɓi gyaɗar manomi bashi ya ɓace, wa manomin zai bi? Alƙalan ƙasar Kano suna hukunci ne da mazhabar Malikiyya, musamman littafin Muhtasar na Halil. A wannan mazhaba, duk abin da wakili ya saya cikin iyakar umurnin da aka ba shi ya hau kan wanda ya wakilta shi. Idan umurnin bai fayyace ba, sai a koma ga al'adar kasuwa. Idan kuwa ya zarce farashin da aka yanka masa, ana yafe ƙari kaɗan, kamar dinari 2 cikin 40. Abin da ya wuce haka, ubangida yana da zaɓi, ya amince ko ya ƙi. In ya ƙi, cinikin ya zauna a wuyan wakili.

Wannan tsari bai gushe ba bayan da aka kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, domin 'yan kasuwar da ta ba lasin ma yara suke aikawa. Ya raunana ne bayan cutar gyaɗa ta 1975 da rushe hukumomin a 1986.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa haƙƙin manomi ya rataya ne ga iyakar izinin da aka ba mai sikeli, alhali kuwa ba a gabansa aka ba da izinin ba.