Ranar da Mai Gadi Ya Kama Ɗan Gida

Da farko aikin manhajar riga-kafi ba shi da wuya. Lokacin da ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Brain ta ɓulla daga Lahore ta Pakistan a 1986, ƙwayoyin kaɗan ne, kuma kowacce tana da shaidarta, wani jerin lambobi da ake gane ta da shi kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa. Fayil ya zo da shaidar, a kama shi. Babu ita, ya wuce.

Wajen 1990 masu ƙirƙirar ƙwayoyin suka koya musu sauya kama duk sanda suka yaɗu. Shaida ta daina wadatarwa, sai kamfanonin riga-kafi suka koma ga zato: duk fayil ɗin da ya yi tafiya irin ta ɓarawo, a tuhume shi. Ga kuma gaggawa, don kullum sai an tura sabon jerin waɗanda ake nema. Zato da gaggawa kuwa in suka haɗu, mai gaskiya ne ke shan wuya.

A Mayun 2007 manhajar riga-kafi ta Norton ta killace wasu fayiloli biyu na Windows XP mai harshen Sinanci, kwamfutoci da yawa a China suka ƙi tashi. Amma ranar da ba a mantawa ita ce 21 ga Afrilu, 2010. Manhajar riga-kafi ta McAfee ta tura sabuntawa mai lamba 5958, wadda ta ɗauki svchost.exe a matsayin cuta, alhali fayil ne da Windows ba ya aiki sai da shi. Kwamfutoci suka riƙa mutuwa suna tashi, hanyar sadarwarsu ta yanke, don haka ba damar aika musu gyara daga nesa. Sai ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Asibitoci a Rhode Island ta Amurka sun ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. A 2012 kuma riga-kafin Sophos ta kama manhajarta ta sabuntawa.

Tun daga nan manyan kamfanonin manhaja sun samu sauƙi, domin ana duba sa hannunsu na lantarki da yawan masu amfani da kayansu kafin a yanke hukunci. Wanda abin ke ci mini rai a kansa shi ne ƙaramin mai rubuta manhaja, wanda ba a san sunansa ba, ba shi kuma da kuɗin sayen takardar sa hannu. Kasancewarsa sabo kawai ya isa a zarge shi. Sai ya aika fayil ɗinsa ga kowane kamfanin riga-kafi daban, ya zauna jiran a wanke shi, masu saye kuwa sun riga sun ga jan gargaɗi sun goge.