Jibiya: Garin Da Ake Yanke Wa Hukunci Daga Nesa

Daga Magamar Jibiya zuwa Ɗan Isa, garin farko a ɓangaren Nijar, tafiya ce ta ɗan lokaci, kuma Hausa ɗaya ake yi nan da can. Jama'ar yankin sun riga iyakar zama a wurin. Bayan jihadi ya ci Katsina a wajajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗankasawa ya kafa Maraɗi. Shekaru da dama aka yi ana gwabzawa tsakanin Katsina da Maraɗi, amma auratayya da fatauci ba su taɓa yankewa ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi daji ana kafa alamomi. Daga nan gidan kaka ya koma wata ƙasa, na jika wata.

A zamanin En'e, hakimi da dagatai ke karɓar haraji da jangali su kai Katsina. Gyaran 1976 ya rushe wannan tsari, ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwa da tashar mota, ya kuma ba ta hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. A Jibiya, mai mutum kusan dubu 170 a ƙidayar 2006, kasuwa da tasha su ne rai. Dako, lodi, acaba, tuyar ƙosai da dillancin dabbobi duk da ƙofar iyaka suke numfashi.

Ita kuwa ƙofar, makullinta ba ya Jibiya. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen ƙasar Maraɗi suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. A Agustan 2019 aka sake rufewa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, a Nuwamba kuma hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, Jibiya sai da ta jira Afrilun 2022. Ba ta gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa har Maris 2024.

Rufe iyaka bai taɓa kowa daidai ba. Mai jari da hanya ya san yadda zai bi ta daji, tsadar kaya ma riba ta ƙara masa. Ɗan dako da mai tallar fura su ne suka zauna hannu rabbana. Ita ma ƙaramar hukuma kuɗin shigarta na kasuwa da tasha suka ƙafe a daidai lokacin da masu neman taimako suka yi mata yawa.

Ana cikin haka 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka. A 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka dakatar da cinikin dabbobi, aka katse layukan waya. A 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin gari, da yawansu suka fake a makarantar sakandaren 'yan mata. Wasu iyalan yankin suka tsallaka jihar Maraɗi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta shigo tana jinyar yaran da tamowa ta kama. Ga madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gina a kan kogin Gada a farkon shekarun 1990 domin noman rani, amma wanda ke tsoron zuwa gona ruwa ba ya yi masa amfani.

Rikicin ya haifar da wariya. An kai lokacin da Bafulatani mai neman halaliyarsa ke shakkar shiga kasuwa don kada a yi masa kuɗin goro, manomi Bahaushe kuma ba ya iya leƙa daji. Akwai kuma tsohuwar matsalar takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai da ita ake samun gurbin karatu ko aikin gwamnati. A garin da uwa ke iya zama 'yar Madarunfa uba ɗan Daddara, kalmar "ɗan Nijar ne" kan isa ta toshe wa yaro hanya. Sulhun da shugabannin al'umma suka ƙulla da 'yan bindiga a farkon 2025 daga ƙasa ya taso, kuma har yanzu ana muhawara a kansa.

Me ya hana ƙaramar hukuma taɓuka abin kirki? Kuɗinta ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi. A 2015 aka rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomin Katsina, Kotun Ƙoli ta ce a 2021 matakin ya saɓa doka, kuma ba a sake zaɓe ba sai 2022. Kantoman da aka naɗa daga sama, wanda ya naɗa shi yake kallo. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Jibiya zai ratsa. Kafin jirgin ya iso, ya kamata gwamnatin tarayya da ta jiha su sakar wa ƙaramar hukuma kuɗinta, su kuma saurari mutanen bakin iyaka kafin a sake taɓa ƙofar. Su ma Jibiyawa haƙƙinsu ne su tambayi ciyaman da kansilolinsu nawa ya shigo, kuma ina aka kai shi.