Ƙugiyar Harafi a Kanun Labaran Hausa

Haruffan nan masu kaurin jiki da siraran layuka kamar zare, waɗanda manyan mujallu ke ƙawata kanun labarai da su, a ƙarshen ƙarni na 18 aka sassaƙa su. Giambattista Bodoni a birnin Parma na Italiya da Firmin Didot a Faransa su ne suka fito da su, lokacin da takarda ta yi santsi har siririn layi yake fita bai karye ba. Don harsunan Turai suka yi aikinsu, babu ɓ, ɗ ko ƙ a akwatinsu. Daga nan matsalar mai tsara shafin Hausa ta samo asali.

Da aka fara tsara rubutun boko, zamanin Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ɗigo ko 'yar alama ake maƙala wa b, d da k. Sai a shekarun 1930 aka koma wa haruffa masu ƙugiya, lokacin da Rupert East ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, editanta Abubakar Imam. A wancan zamani harafi dalma ne, kowane girma da nasa zubin, saboda haka maɗaba'a ba ta da zaɓi mai yawa: samfurin da aka zuba wa ƙugiya shi za a buga. Zuwan kwamfuta ya buɗe dubban samfura, amma da yawansu har yau ba a zana musu ƙugiya ba. Idan aka rubuta ƙ, sai na'ura ta aro ta daga wani samfurin daban, ta fito bare a tsakiyar kalma.

Wasu za su ce mai karatu yakan gane kalma daga maƙwabtanta. A cikin labari haka ne, amma kanu kalma uku ce ko huɗu, ba ta da maƙwabta. A gari irin Birnin Gwari da ke da sarki, kuma dajinsa na Kamuku ya sha fama da 'yan bindiga, akwai tazara mai nisa tsakanin "fada a Birnin Gwari" da "faɗa a Birnin Gwari". Mutumin da ke da 'yan'uwa a can, ya hango kanun a teburin mai jarida ko a ƙaramar waya, wannan ƙugiya yake karantawa. Ita kuwa a samfurin Bodoni tana faɗawa daidai inda layi ya fi siranta, wurin da tawada ke fara gazawa a takardar jarida.

Duk da haka ban ga dalilin ƙaurace wa samfurin ba, domin a babban girma yana da kwarjinin da ya dace da kanu. Sharaɗin shi ne a zaɓi wanda mai zanensa ya yi wa ɓ, ɗ da ƙ ƙugiya mai kauri, manya da ƙanana, a kuma gwada shi a takardar da za a buga da allon waya kafin a amince da shi.