Agogon Hasumiyar Coci: Lokacin Kowa da Kowa

 Yau in kina son sanin lokaci, waya kawai za ki duba. To, a Ingila shekaru 400 da suka wuce, agogo kayan masu hali ne. Talaka sai dai ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar cocin garinsu, ko ya kasa kunne ya ƙirga bugun ƙararrawa.

A ƙauyen Coningsby akwai irin wannan agogo tun ƙarni na 17, a jikin hasumiyar cocin St Michael. Faɗin fuskarsa ƙafa 16 da rabi, har manomi na iya hango shi daga gona. Amma hannu ɗaya tak gare shi, na awa. Kada ki yi mamaki, 'yar uwa. Mai zuwa gona ko mai dama wa yara abin kari, ina ruwansu da minti? A birni aka fara damuwa da wannan. A 1671 cocin St Dunstan da ke titin Fleet ya kafa agogo mai hannun minti, wanda ake cewa shi ne na farko cikin agogunan jama'a a Landan.

Kuma agogon nan ba da kansa yake tafiya ba. Wani nauyi ne rataye da igiya yake sauka a hankali yana juya shi. Dole a sami mai hawa matakala ya yi masa wani, ko ana zuba ƙanƙara. Ran da ya yi sakaci, gari duka ya makara.

A da kowane gari da rana yake saita agogonsa, shi ya sa Bristol ke bayan Landan da kusan minti 10. Zuwan jirgin ƙasa ya kawo ƙarshen haka. A 1840 kamfanin Great Western ya koma aiki da lokacin Landan, a 1880 kuma doka ta mai da lokacin Greenwich na ƙasa baki ɗaya.

Yanzu inji mai aiki da lantarki ke yi wa da yawansu wani, kuma kowa na da lokaci a aljihu. Duk da haka, in agogon ya tsaya, jama'ar gari sukan yi karo-karo a gyara shi, domin kakanninsu da shi suka tashi, da shi suka kwanta. Abin da ke na kowa, in ba a sa wani ya kula da shi ba, tsayawa yake yi.